SAWUN DA MUKE BARI A INTANET: DARASI A KAN SIRRI DA AMANAR WAYA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Darasinmu na yau ba ya cikin jerin da muka saba, amma wani abu ya faru da ya sa na ga bai kamata a jinkirta shi ba. Kwanakin baya, bayan karatun Magariba, wani matashi cikin ɗalibanmu na nan Jahun ya tsaya har kowa ya watse. Ya matso ya ce, "Allah ya gafarta Malam, an ci mutuncina, kuma ban san ta inda aka shigo mini ba."

Ga yadda abin ya kasance. Ya je Dutse cike fom ɗin neman aiki, ya shiga wani shagon kwamfuta. Ya buɗe imel ɗinsa don ya ɗauko lambar da aka turo masa, ya buɗe Facebook don ya ɗauko hoton da ya ajiye a can. Da ya gama ya rufe shafin, ya biya kuɗi, ya hau mota ya dawo gida. Bayan kwana biyu sai ga saƙonni suna zuwa wa abokansa da 'yan uwansa da sunansa, wai mahaifiyarsa tana kwance a asibiti, a taimaka a tura kuɗi wani asusu. Mutum uku sun tura kafin a farga. Gwaggonsa kuma ta tashi hankalinta ta taho dubiyar mara lafiyar da ke zaune lafiya lau a tsakar gida. Yana ta rantsuwa, "Wallahi Malam ban taɓa ba kowa lambar sirrina ba." Na ce masa, "Na yarda da kai, ɗana. Ai ba sai ka bayar ba."

Na zauna da 'yan uwa masu karatun kwamfuta, na kuma yi bincike gwargwadon hali. Abin da na fahimta shi zan kawo muku da yarenmu.

Mu fara da mai cajin waya, tunda kowa ya san shi. Ka kai masa wayarka, ya liƙa mata lamba, ya ba ka ɗan kati mai wannan lambar. Idan ka dawo ba ya tambayar sunanka ko na mahaifinka, kati yake dubawa. Duk wanda ya kawo katin shi ne mai waya. To haka shafukan intanet suke yi. Manhajar da kake buɗe shafuka da ita, wato burauza, irin su Chrome da Opera Mini da Phoenix da ke zuwa cikin wayoyin Tecno da Infinix, tana da wata 'yar ma'ajiya. Da zarar ka sa sunanka da lambar sirrinka a Facebook, sai Facebook ya ajiye ɗan kati a wannan ma'ajiyar. Shi ne ake kira kuki, jam'insa kukis. Wani injiniya mai suna Lou Montulli ya ƙirƙiro shi a kamfanin Netscape a 1994, kuma asalinsa ba don sharri ba ne, don kada shafi ya riƙa manta ka ne duk lokacin da ka matsa gaba. Ba don shi ba, da kowane hoto za ka buɗe sai ka sake sa lambar sirri.

Amma fa rufe shafi ba mayar da kati ba ne. Wannan ɗalibi ya rufe shafin ya tafi, katin yana nan cikin kwamfutar mutane. Wanda ya zauna bayansa, ko wani da ya zo washegari, buɗe Facebook kawai zai yi ya tarar da ƙofa a buɗe. Ba wata bajintar kutse, ba tsafi. Kuma tunda imel ɗin ma a buɗe yake, canza lambar sirrin bai zama aiki ba, don ta imel ɗin ake turo lambar tabbatarwa.

Ba kati kaɗai burauza ke riƙewa ba. Tana riƙe jerin duk shafin da ka buɗe da lokacin da ka buɗe shi. Tana riƙe abin da ka taɓa rubutawa a fom, shi ya sa kana sa harafi ɗaya sai ka ga sunanka ko lambar wayarka ta fito da kanta. Idan ta tambaye ka ko ta adana lambar sirri ka danna amincewa cikin gaggawa, ta adana. Sannan duk abin da aka sauke yana zaune a kwamfutar: takardar NIN, sakamakon jarrabawa, hoton fasfo. Ku leƙa ma'ajiyar kayan da aka sauke a kowane shagon buga takardu, za ku ga takardun bayin Allah jibge kamar buhunan gero a rumbu. Da yawan masu shagon ba mugunta suke nufi ba, ba wanda ya taɓa nuna musu cewa amana ce a hannunsu.

Wannan shi ne haɗarin da ke kusa, na wanda zai riƙe na'urar bayanka. Akwai na nesa, wanda ba za ka taɓa ganin fuskarsa ba.

Ka ɗauka ka shiga kasuwar Shuwarin ko Gujungu. Ka tsaya wajen mai hatsi, ka wuce wajen mai magani, ka taya akuya, ka tambayi kuɗin atamfa. Kowane ɗan kasuwa ya san abin da ka tambaya a rumfarsa kaɗai. To sai a ce akwai wani dillali da ya ajiye yaro a kowace rumfa, kowane yaro yana rubuta abin da ka taɓa, da yamma su haɗa takardunsu wuri ɗaya. Wannan dillali ya fi kowa saninka a kasuwar, alhali ba ka taɓa yi masa sallama ba. Shafukan labarai, na ƙwallo, na sauke waƙoƙi da wa'azi, da yawansu suna ɗauke da 'yan guntayen manhaja na kamfanonin talla, manyansu Google da Meta mai Facebook. Su ne yaran dillali. Kai kana ganin shafi ɗaya ka buɗe, a bayan fage wayarka ta gaisa da kamfanoni da dama, kowanne ya duba katin da ya taɓa ajiye maka. Shi ya sa za ka duba farashin babur a wani shafi, gobe tallan babur ya biyo ka wani shafin dabam. Wasu suna cewa ai wayar ce ke sauraren hirarsu. Mafi yawan lokaci ba a ma buƙatar saurare, sawun da ka bari ya isa.

Ko ka share kukis, akwai wata dabarar. Kai da kanka kana gane maƙwabcinka da ƙarar babur ɗinsa cikin dare, ba tare da ka leƙa ba. Haka shafi yake iya haɗa nau'in wayarka, girman fuskarta, harshen da ka saita, agogon yankinka da wasu ƙananan alamomi, ya ce wannan wane ne na jiya. Masana suna kiran wannan zanen yatsan burauza.

Wani zai ce, "To Malam, ni talaka ne a Aujara ko Harbo, wa ya damu da abin da nake dubawa?" Bari in ba ka labarin da ya shafe mu kai tsaye a matsayinmu na Musulmi.

A watan Nuwamban 2020, sashen binciken Motherboard na kafar Vice a Amurka ya wallafa cewa manhajar Muslim Pro, wadda ke nuna lokutan salla da alƙibla, kuma a lokacin an sauke ta fiye da sau miliyan 98, tana aika bayanan inda masu amfani da ita suke zuwa wani kamfani mai suna X-Mode. Shi kuma X-Mode dillalin bayanai ne, cikin masu saye a wurinsa akwai 'yan kwangilar da ke aiki da rundunar sojin Amurka. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa soja bayanai, kuma sun sanar da yanke hulɗa da X-Mode. Mu yi musu adalci a nan. Amma ku duba yadda hanyar take: bawan Allah ya ba manhaja izinin sanin inda yake don ta nuna masa alƙibla, bayanin ya fita daga hannun farko zuwa na biyu zuwa na uku, shi bai sani ba. A watan Afrilun 2022 kuma jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa wasu masu bincike biyu sun gano wata ɓoyayyar manhajar kwashe bayanai ta wani kamfani mai rajista a Panama a cikin manhajoji da dama, har da na lokutan salla, Google ya cire su daga rumbunsa. Sai a Janairun 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta haramta wa X-Mode sayar da bayanan zuwan mutane wurare masu sirri, ta ambaci wuraren ibada da asibitoci a ciki.

Ban ce kowa ya goge manhajar salla ba. Amma lokacin sallar Jahun ba ya canzawa don ka tashi daga gida ka je kasuwa. Ka sa sunan garin da hannunka sau ɗaya, ka kashe izinin bibiyar wuri, ta ci gaba da aiki. Balle ma a garin nan, alhamdu lillahi, ladanai ba su ƙare ba. Bahaushe ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Manhajar da aka kashe miliyoyi aka gina, aka ba ka kyauta, ka tambayi kanka da me take ciyar da ma'aikatanta.

A gida Najeriya ma an gani. A watan Agustan 2021 hukumar NITDA, wadda ɗan jiharmu Kashifu Inuwa Abdullahi na Haɗeja yake shugabanta, ta ci kamfanin bada rance ta waya na Soko Lending tarar Naira miliyan 10. Abin da hukumar ta ce ta gano: manhajar tana shiga lambobin da ke cikin wayar mai cin bashi, idan ya kasa biya a riƙa aika wa mutanensa saƙo, kuma an dasa mata abubuwan bibiya da ke miƙa bayanai ga wasu kamfanoni ba tare da an sanar da mai wayar ba. Maganar ribar da ke cikin irin wannan bashi mun yi ta a wani darasi, ba ita ce ta yau ba. Ta yau ita ce: lambobin nan da ka danna amincewa aka kwashe, na wa ne? Lambar surukinka ce, da ta malaminka, da ta matar wanka da ta ba ka don larura. Sun ba ka ne don ku gaisa. Ba su ba ka don ka jinginar ba. Mutum yakan kula da amanar kuɗi, ya manta cewa lambar waya da hoto da saƙon murya su ma ajiya ce.

Yanzu akwai doka. A watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. A Agustan 2024 hukumar ta ci bankin Fidelity tarar Naira miliyan 555.8, cikin dalilan da ta bayar har da amfani da kukis ba bisa ƙa'ida ba, bankin kuma ya musanta laifin. A Yulin 2024 hukumar kare masu saye, FCCPC, ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya, kotun sauraren ƙorafi ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025. E, Meta ɗin nan dai da muke haɗuwa a dandalinsa. Amma tarar da aka ci a Abuja ba za ta zo ta rufe maka akawun ɗin da ka bari a buɗe a Dutse ba.

Na san akwai wanda zai yi mini wata fahimta, don haka bari in tare ta. Zai ce Malam yana koya wa yara yadda za su ɓoye ɓarna. A'a. Wanda ya share tarihin burauza don ya ɓoye saɓo, daga mutane kawai ya ɓoye, littafin da mala'iku ke rubutawa ba shi da maɓallin sharewa. Amma ba duk abin da ake ɓoyewa ne zunubi ba. Mu a Jahun mun fi kowa sanin wannan. Tun 2008 ƙungiyar likitoci ta MSF take aiki a babban asibitin garin nan, ana karɓar haihuwa ana yi wa mata masu yoyon fitsari aiki, suna zuwa daga nesa, wasu a ɓoye saboda gorin mutane. Ka ɗauka miji ya ari wayar abokinsa ya bincika maganin wannan larura saboda matarsa. Ya mayar da waya. Gobe a majalisa mai wayar ya sa harafi ɗaya, burauza ta ƙarasa masa jimlar gaba ɗaya, mutum biyar suna kallo. Wane laifi baiwar Allah ta yi da za a tona mata asiri ta wannan hanya? Haka wanda ke neman maganin rashin haihuwa, ko wanda bashi ya yi wa katutu, ko mai tambayar fatawa a kan sakin da ya yi cikin fushi. Rufa wa waɗannan asiri abu ne da shari'a take so.

Sai ɗaya ɓangaren, wanda ya fi mini nauyi. Idan kai ne ka tarar da ƙofar a buɗe fa? Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin sirrin mutane, ta haɗa shi wuri ɗaya da mummunan zato da giba. Aya ta 27 da ta 28 a Suratun Nur sun hana shiga gidan wani ba izini, har ma idan ba a tarar da kowa a ciki ba. Ku lura da wannan: rashin mai gida bai halatta shiga ba. Akwai kuma hadisin Sahlu ɗan Sa'adu a Bukhari da Muslim game da mutumin da ya leƙa ɗakin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ta wata kafa, inda aka bayyana cewa saboda kare ido ne aka shar'anta neman izini. To akawun ɗin mutum a yau ya fi ɗakinsa tara sirri. Ka zauna a kwamfutar shago ka ga Facebook ɗin wani a buɗe, abin da ke kanka shi ne ka fitar da shi ba tare da ka karanta ko layi ɗaya ba. Mai gyaran waya, an kawo maka gyaran wurin caji, me ya kai ka ma'ajiyar hotuna? Mai shagon kwamfuta, takardun da aka sauke a na'urarka ajiya ce, ka share su bayan an gama aiki. Maigida da uwargida, na san wannan zai yi wa wasu ɗaci: bin tarihin wayar juna a ɓoye cikin dare, a kan zato kawai, ya kashe aure da yawa da zama a yi magana zai iya gyarawa. Kula da yaro ƙarami daban ne, wannan tarbiyya ce, kuma gara ya san kana dubawa.

To me za a yi a aikace? Mafi girma dai, kada ka shiga akawun ɗinka a na'urar da ba taka ba sai da larura. Idan larurar ta kama, ka danna ɗigo ukun da ke saman burauza ka buɗe shafin sirri, wanda Chrome ke kira inkognito. Amfaninsa shi ne da zarar ka rufe shi, katin da tarihin suna tafiya tare da shi. Duk da haka ka danna fita daga akawun da hannunka kafin ka tashi, ka ƙi amincewa idan an tambaye ka adana lambar sirri, ka tsaya a share takardun da aka sauke a gabanka, don su shafin sirri ba ya share su. Kada kunya ta hana ka.

Amma kar a ɗauki inkognito a matsayin layar zana. Wanda zai riƙe na'urar bayanka kawai yake ɓoye wa. Kamfanin layinka da shafin da ka ziyarta suna ganin zuwanka. Har ƙara aka kai Google a Amurka a 2020 a kan tattara bayanan masu amfani da wannan shafi, a 2024 ya amince zai goge biliyoyin bayanai don a sasanta.

A wayarka kuma, ka shiga saitin burauza ka toshe kukis na kamfanonin waje, wato yaran dillalin nan. Safari da Firefox suna taƙaita su da kansu, a Chrome sai ka je ka kunna. Lokaci-lokaci ka share tarihi da kukis, za a sake tambayarka lambar sirri, wannan ba lalacewa ba ce. Idan shafi ya fito da akwatin neman amincewa, ka nemi wurin ƙin yarda, yawanci yana nan an ƙanƙanta shi. Ka duba izinin da ka ba kowace manhaja: tocila ba ta da hulɗa da lambobin mutanenka, manhajar Alƙur'ani ba ta buƙatar sanin inda ka kwana. Ka sa wa wayar makulli. Idan za ka sayar da ita ko ka yi musaya, a nan ko a Farm Centre ta Kano, ka fita daga akawun ɗin Google, ka cire katin ajiya, ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Goge hotuna ɗaya bayan ɗaya bai isa ba.

'Yan uwa mata, musamman waɗanda ke ba yara ko ƙanne waya su buɗe musu akawun: lambar sirrin da wani ya zaɓa miki, ki canza ta. Ba zargi ba ne, shi ma kin sauke masa nauyi.

Shi ɗalibin nan namu, Allah ya taimake shi lambar wayarsa tana haɗe da akawun ɗin, da ita aka dawo masa da imel, sannan Facebook. A cikin saitin tsaro akwai wurin da ke nuna duk na'urorin da akawun yake buɗe a kansu. Da muka duba, ga kwamfutar Dutse, ga wata waya da bai san ta ba, ga kuma tsohuwar wayarsa da ya sayar tun bara. Muka fitar da su duka, ya canza lambar sirri, ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wadda ke sa a nemi wata lamba ta dabam duk lokacin da sabuwar na'ura ta so shiga. Kuɗin mutum ukun nan dai ba su dawo ba. Ya ce zai biya su a hankali ko da ba shi ya ci ba, biyu daga cikinsu suka ce sun yafe. Wanda bai taɓa leƙa wannan wuri a nasa akawun ba, ya leƙa yau kafin ya kwanta, minti biyar ya isa.

Wallahu a'alam.